The vOICe: manhajar da ke mayar da hoto sauti, abin da take iyawa da inda ta gaza

The vOICe manhaja ce da ke karɓar abin da kyamara ta hango ta juya shi zuwa sauti, domin makaho ya saurari siffar abin da ke gabansa. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Peter Meijer, masanin fiziks ɗan ƙasar Holan da ya yi aiki a sashen bincike na kamfanin Philips a Eindhoven, kuma tun 1992 ya wallafa bayanin na'urar farko. Yau ana samun ta a wayar Android, da kwamfuta mai Windows, da kuma wadda ake buɗewa kai tsaye a burauza. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, kuma juya hoton a cikin wayar yake faruwa, ba ya cin data.

Hukuncinmu a kanta kashi biyu ne. Ga mai larurar gani da ke neman abin da zai kai shi kasuwa ya dawo da shi lafiya, ba ta kama ƙafar sanda ba. Amma ga ɗalibi ko malamin da ke son ya gwada da jikinsa wata tambaya da masana falsafa da masu binciken ƙwaƙwalwa suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, wato me ke sa gani ya zama gani, ba mu san wani kayan gwaji mai arha da ya kai ta ba.

Yadda take juya hoto

Ƙa'idojin uku ne, kuma duk wanda bai haddace su ba zai ji hayaniya ce kawai. Manhajar tana ɗaukar hoto guda, ta cire launi ya koma fari da baƙi da toka-toka, sannan ta bi shi daga hagu zuwa dama cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ke hagu shi ake fara ji, kuma a kunnen hagu; abin da ke dama ya zo daga baya a kunnen dama. Abin da ke saman hoton yana fitowa da siririn sauti, na ƙasa kuma da kauri. Haske shi ne ƙarfin sauti: fari yana da ƙara, baƙi shiru ne. A farkon kowane zagaye akwai ɗan sauti "ƙas" da ke nuna an koma gefen hagu an ɗauki sabon hoto.

Daga nan sauran lissafi ne. Farin ɗigo a kan baƙin allo zai fito a matsayin ɗan gajeren fito. Layi a kwance sauti ne guda mai tsawo da ba ya hawa ba ya sauka. Layin da ya tashi daga ƙasan hagu zuwa saman dama sauti ne mai hawa, wanda ya gangaro kuma kunnen Bahaushe zai gane shi nan take, domin kamar karin faɗau yake a magana. Layi a tsaye shi ne mai ruɗar sabon shiga: duk sautukan daga kauri zuwa siriri suna fita lokaci guda, sai a ji ɗan fashewa kawai. Farin akwati cike kuwa shuuu ce mai farko da ƙarshe, faɗinsa shi ne tsawon lokacin ƙarar, tsayinsa shi ne yawan sautukan da suka cakuɗu.

Na'urar 1992 tana raba hoto gida 64 a kwance da 64 a tsaye, da matakan haske 16. Ta Windows ta kai 176 a kwance da 64 a tsaye, ɗigo 11,264 ke nan. Sautukan suna tsakanin Hz 500 da 5000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa). Idan aka raba daƙiƙa ɗaya gida 176, kowane layi yana samun ƙasa da kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, kuma tsakanin wani mataki na sauti da na kusa da shi bambancin bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Wannan ne ya sa ba za a iya ƙara sauri yadda ake so ba. Kunne yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya tantance kaifin sauti, saboda haka duk lokacin da aka ninka saurin zagaye, sautuka maƙwabta suna narkewa cikin juna, hoton ya dusashe. Akwai maɓallin ƙara sauri da na ragewa, amma ciniki ne: ka sayi sauri da tsabtar hoto, ko ka sayi tsabta da jinkiri. Meijer bai ɓoye wannan ba, iyaka ce ta ji, ba sakacin mai rubuta manhaja ba.

Kayan da ake buƙata, da waɗanda ke ɓata aiki

Waya mai Android ta talakawa ta isa, ba sai mai tsada ba, domin hoton da ake buƙata ƙarami ne ƙwarai. Abin da ya fi waya muhimmanci shi ne iyafis. Ya zama mai kunne biyu, kuma mai igiya. Na Bluetooth yakan ƙara jinkirin da ke kaiwa wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, a kan jinkirin da manhajar ke da shi tun asali. A tabbata ba a juya kunnuwan ba: idan na dama ya koma hagu, lokaci zai ce abu yana hagu, kunne ya ce yana dama, mai koyo ya yi ta miƙa hannu inda babu komai yana zargin kansa. Makaho kuwa kada ya toshe kunnuwansa da iyafis mai shiga ciki, domin kunnen nan da shi yake jin babur da amsa-kuwwar bango. Wanda ya dace da shi shi ne na ƙashi, mai zama a gaban kunne ya bar ramin a buɗe, kuma a rage ƙarar har maganar mutum ta rinjaye ta.

Sai wurin da kyamara za ta zauna, kuma nan ne mafi yawan masu gwadawa suke yin asarar lokacinsu. Riƙe waya a hannu ya isa a koyi siffofi a kan tebur. Amma hannu yana karkacewa ba tare da mai shi ya sani ba, kuma makaho ba ya ganin fuskar wayar balle ya gyara. Karkatar digiri goma ta isa ta mayar da layi a kwance ya zama mai hawa. Mafita ita ce kyamara ta hau kai, kusa da tsakanin idanu: ko tabarau mai kyamara da ake haɗawa da waya ta USB, in wayar tana karɓa, ko a ɗaure wayar a kwance a goshi da maɗauri. Na biyun ba ya da kyan gani kuma yana da nauyi, amma a ɗakin gwaji yana aiki. Kyamarar waya ta yau da kullum takan ɗauki faɗin wajen digiri 60 zuwa 70, alhali idanun mutum suna kaiwa wajen 180. Ƙaramin gilashi mai faɗaɗa gani da ake maƙalawa a kan kyamara yana rage wannan matsala, sai dai yana ƙanƙanta abubuwa ya kuma lanƙwasa layukan gefe.

Kyamara a kunne, da fuskar waya a kunne, da sauti ba yankewa: batir yana tafiya da sauri, waya kuma tana zafi, musamman a rana. A tanadi fawa bank, a rage hasken fuskar wayar zuwa ƙarshe tunda ba kallonta ake yi ba.

Dalilin da ya sa masana falsafa suka damu da ita

Finominoloji, falsafar da Edmund Husserl ya kafa a Jamus a farkon ƙarni na 20, aikinta shi ne bayyana yadda abu ke zuwa ga mai riskarsa, daki-daki, kafin a ɗora masa wani bayani na kimiyya. A darussansa na 1907 a Göttingen, Husserl ya nuna cewa ba a taɓa ganin abu gaba ɗayansa: fuska ɗaya ake gani, amma mai kallo yana riskar abin a matsayin mai baya da gefe, saboda jikinsa ya san cewa in ya matsa haka, wancan gefen zai bayyana. Gani a wurinsa a ɗaure yake da "in na motsa kaza, kaza zai faru". Maurice Merleau-Ponty a Faransa ya ɗauki wannan a 1945 ya kawo misalin sandar makaho. Ga wanda ya ƙware, sandar ta daina zama abin da ake ji a tafin hannu. Ji ya koma bakin sandar, can inda take taɓa dutse ko bakin kwata.

Wannan magana ce da za a iya gwadawa, kuma an gwada. A 1963 Richard Held da Alan Hein a Amurka suka yi renon 'yan kyanwa a duhu, suna fito da su bibbiyu cikin wani keji mai juyawa: ɗaya tana tafiya da ƙafarta, ɗaya tana zaune a kwando ana jan ta. Abin da idanunsu suka gani kusan ɗaya ne, amma mai tafiyar ce kaɗai ta koyi amfani da gani wajen auna zurfi da sa ƙafa. A 1969 Paul Bach-y-Rita a San Francisco ya sa ƙananan sanduna masu girgiza guda 400, jeri 20 sau 20, a bayan kujerar likitan haƙori, ya haɗa su da kyamarar talabijin. Makafin da aka kafe musu kyamara suna jin caccaka ce a baya. Waɗanda aka bar su suna juya kyamarar da kansu, bayan wasu awanni, sai suka fara cewa abin yana can gabansu. Daga irin waɗannan ne Kevin O'Regan da Alva Noë suka gina ra'ayinsu na 2001: abin da ya bambanta gani da ji ba jijiyar da saƙo ya bi ba ne, ƙwarewa ce a kan yadda saƙo ke canjawa idan jiki ya motsa. In haka ne, duk na'urar da ta kwaikwayi dokokin gani da kyau, ya kamata ta haifar da wani abu mai kama da gani ko da ta kunne ta bi.

The vOICe tana kwaikwayon wasu daga cikin dokokin nan daidai. Kofi mai faɗin santimita 8 a nisan rabin mita yana cin wajen digiri 9. A kyamara mai digiri 60, ƙararsa za ta ɗauki kimanin kashi 15 cikin ɗari na daƙiƙa. A matsar da shi zuwa mita ɗaya, ƙarar ta ragu da rabi a tsawo da kuma yawan sautuka. Faranti da aka kalla daga sama da'ira ne, a kalle shi daga gefe ya zama ƙwai. Abu na kusa yana rufe na nesa, kuma idan aka kaɗa kai gefe, na kusa ya fi saurin gudu a cikin hoton. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ji na yau da kullum ke yi: kofi ba ya ƙara, bango ba ya magana. To amma akwai dokar da ta kasa cikawa, kuma babba ce. Ido yana amsa motsin kai nan take. Manhajar tana amsawa sau ɗaya a daƙiƙa. Wanda ya juya kai a tsakiyar zagaye, zai ci gaba da jin tsohon hoto har "ƙas" na gaba. Sanda ba ta da wannan giɓi, shi ya sa take ɓacewa a hannu cikin sauƙi. Manhajar kuwa tana tuna wa mai ita da kanta kowace daƙiƙa. A ganinmu wannan ne babban aibinta, ya fi ƙarancin ɗigo nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abu da Husserl ya tattauna a darussansa na 1905 kan riskar lokaci, wanda manhajar ke fito da shi fili fiye da kowane allo na aji. Ya ce ba a jin waƙa sauti-sauti a rarrabe: wanda ya wuce yana nan a riƙe cikin wanda ake ji yanzu, mai zuwa kuma ana tsammaninsa. A nan siffa kanta a shimfiɗe take cikin lokaci. Alwatika sauti ne da ke hawa ya sauko. Lokacin da gefen dama ya iso kunne, na hagu ya riga ya wuce. Sabon mai koyo yana tuno na farko da gangan ya haɗa da na biyu, kamar mai lissafi. Wanda ya saba yana jin siffar a dunƙule. Ranar da wannan sauyi ya faru ga mai koyo, shi ne abin da ya fi cancanta a rubuta.

Gwajin da za a iya yi a ɗaki

A shimfiɗa baƙin yadi mai kamar mita ɗaya a kan tebur. A yanka farar takarda tsiri-tsiri, santimita 2 a faɗi da 20 a tsawo, a tanadi farin kofi da farin faranti. Hasken ɗakin ya fito daga bayan mai koyo. Idan taga ko ƙwan lantarki ya shiga hoton, ƙararsa za ta danne komai, kuma kyamarar za ta rage haskenta da kanta har takardar ta dusashe. Wannan gyaran haske da kyamara ke yi ba tare da an sa ta ba yana daga cikin abubuwan da ke rikita masu koyo: sauti ya canja alhali babu abin da ya motsa. Mai gani ya ɗaure idanunsa da ƙyalle mai kauri. Zama ɗaya kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Bayan haka kunne ya gaji, wasu har ciwon kai.

A fara da tsiri ɗaya a kwance, a tsaye, a karkace. Dokar da ba a karyawa ita ce: a saurara, a faɗi abin da ake zato, sannan a taɓa. Taɓawar ce malamin. Wanda ake gaya masa amsa da baki yana haddace sautuka ne kamar kalmomin baƙon harshe, wanda kuwa hannunsa ke zuwa ya tarar da abin, yana ɗaure sautin da wurin da abin yake. Bayan tsiri ɗaya sai biyu a haɗe, sai kofi a wurare daban-daban, sai a miƙe a nemi ƙofa a buɗe a farin bango.

Idan mai koyo ya fara kama kofi sau da yawa, sai a kawo gwajin da ya fi daɗi. A samu 'yar igiyar da ke raba sauti gida biyu, mutum biyu su sa iyafis daga waya ɗaya, duka idanu a rufe. Ɗaya ne ke ɗauke da kyamara yana juya kai, ɗayan yana zaune yana jin sauti iri ɗaya sak. Gwajin 'yan kyanwa ke nan a kan mutane, ba tare da cutar da kowa ba. A auna abu biyu. Na farko da tef ɗin awo da agogo: santimita nawa ne tsakanin inda yatsa ya sauka da inda kofin yake, kuma daƙiƙa nawa aka ɗauka, sau goma ga kowa, sannan su yi musanya. Na biyu da tambaya.

Tambayar ce wurin da finominoloji ke shigowa da aikinta, kuma nan ake yawan kwafsawa. Francisco Varela a 1996 ya ba da shawarar a riƙa haɗa bayanin da mutum ya bayar game da abin da ya riska da awon da na'ura ta yi, kowanne yana gyara ɗan'uwansa. Amma bayanin sai an karɓe shi da tsari. Hanyar da Pierre Vermersch da Claire Petitmengin suka inganta a Faransa ita ce a tsayar da mutum a kan karo guda tak, ba "yadda nakan ji" ba, a tambaye shi yaya, kada a tambaye shi don me. "Lokacin da ka miƙa hannu a karo na ƙarshe, me ka fara lura da shi? Sannan sai me? A ina yake?" Kada a ce "Ka ga kofin?" Wanda aka yi wa wannan tambaya an riga an sa masa amsa a baki, kuma mutane suna da saurin ba mai gwaji abin da suka fahimci yana so, ba don ƙarya ba. A rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. Abin da ake nema shi ne ranar da "na ji ƙara a kunnen dama" ya koma "yana can dama, ɗan nesa", a kuma duba ko kuskuren santimita ya ragu a daidai wannan lokaci ko bai ragu ba. Wani lokaci hannu yana riga baki ƙwarewa: mutum yana kama kofi daidai yana rantsuwa cewa zato yake yi. Wannan saɓani ba ɓacin gwaji ba ne, shi ne sakamakon.

Abin da binciken ƙwaƙwalwa ya nuna, da abin da bai nuna ba

An yi amfani da wannan manhaja a bincike da yawa, kuma wannan yana cikin darajarta. A 2007 Amir Amedi da abokan aikinsa suka nuna da na'urar fMRI, mai nuna sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki, cewa ƙwararrun masu amfani da ita, idan suna gane siffa ta sauti, wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka sani da gane siffar abubuwa ta ido da ta hannu yana aiki. A 2009 Lotfi Merabet da tawagarsa suka dagula sashen gani na ƙeya da maganaɗisu na ɗan lokaci a kan wata makauniya ƙwararriya, sai iya gane abubuwanta ta manhajar ya ragu. A 2012 ɗakin binciken Amedi a Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, da Ella Striem-Amit a gaba, ya horar da waɗanda aka haifa da makanta na kimanin awa 70. Sun karanta haruffa ta sauti, kuma sashen da masu gani ke amfani da shi wajen gane rubutu ya yi aiki a ƙwaƙwalwarsu. A gwajin kaifin gani da harafin E, biyar daga cikin tara sun haye 3/60 (wato ganin abu a mita 3 wanda lafiyayyen ido ke gani a mita 60), iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙirga makanta da ita.

Masu tallata irin waɗannan na'urori sukan tsaya a nan su ce makafi sun gani. Ba haka sakamakon ya ce ba. Sashen ƙwaƙwalwa ya yi aiki, wannan awo ne. Me mutumin ya riska, wannan wata tambaya ce da fMRI ba ta amsawa. Wanda aka haifa makaho ba shi da ganin da zai kwatanta da shi. Wanda ya makance daga baya kuma yana da taskar hotuna a kansa, kuma da wuya a raba abin da sautin ya haifar da abin da ya tuno. Jamie Ward da Meijer sun wallafa bayanan mutum biyu a 2010, duka sun taɓa gani, da suka ce bayan dogon amfani suna riskar abu mai kama da gani, har wasu sautukan duniya suna jawo musu shi ko ba na'ura. Bayani ne mai daraja, amma mutum biyu ne, kuma ɗaya daga marubutan shi ne mai manhajar. A binciken Malika Auvray da Sylvain Hanneton da O'Regan na 2007 a Paris, masu gani da aka rufe wa ido sun ba da amsoshi mabambanta kan ko abin ya fi kama da gani, ko taɓawa, ko ji, ko wata sabuwar kafa, kuma amsar tana canjawa da irin aikin da aka sa su.

Sakamakon Ƙudus ma yana da ƙaya ga ɓangaren O'Regan da Noë. Harafin E ɗin nan hoto ne tsayayye, ba mai juya kai, amma an gane shi. Wato gane siffa yana yiwuwa ba motsi. Abin da motsi ya fi bayarwa shi ne jin cewa abin yana waje, a wani wuri, a wani nisa. Masanin falsafa Ned Block ya daɗe yana cewa irin wannan riskar sarari ce ta wata kafa, ba gani ba. Ophelia Deroy da Auvray a 2012 suka ce a daina tambayar gani ne ko ji ne, ya fi kama da karatu: ƙwarewa ce da aka gina a kan kafofin da ake da su. Mun fi karkata ga wannan game da The vOICe musamman, saboda bin hagu zuwa dama layi-layi da take yi. Amma gwajin mutum biyu da igiya ɗaya yakan nuna cewa Husserl da Merleau-Ponty ba su yi kuskure ba game da wuri da nisa.

Sauran aibobi, da ƴan abubuwan da ke taimakawa

A titi lissafin ba ya goyon bayanta. Mai tafiya yana cin fiye da mita ɗaya a daƙiƙa, babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 kafin zagaye ɗaya ya ƙare. Rami da kwata da matakala masu gangarawa sau da yawa launinsu ɗaya da ƙasa, ba sa fitowa. Inuwar bishiya da rana tsaka tana yin ƙara kamar wani abu a hanya. Ƙofar gilashi babu ita a sauti. Kasuwa ko ɗaki mai tarkace shuuu ce daga farko har ƙarshe. Masu manhajar da kansu suna gargaɗin kada a ajiye sanda saboda ita, kuma gaskiyarsu ne. Dattijon da jinsa ya fara raguwa yakan rasa siraran sautuka, wato saman hoton ne zai dusashe masa. Horo kuma babu mai yi maka: akwai bayanin koyo da Turanci, amma awa 70 ɗin can da malami a gefe aka yi su.

Daga cikin maɓallanta, wanda ya fi amfani shi ne mai juya fari ya koma baƙi, domin baƙin rubutu a farar takarda ko duhun ƙofa a farin bango su zama su ne masu ƙara. Mai fito da gefunan abubuwa yana rage shuuu a wuri mai tarkace. Akwai zuƙowa, da mai faɗin sunan launin da ke tsakiyar hoto da murya, wanda makaho zai iya amfana da shi tun ranar farko wajen zaɓen tufafi, kodayake hasken ɗaki yana sa shi kuskure. Gano inda taga take ko sanin an bar fitila a kunne ma ba ya buƙatar horo. Tsarin maɓallan dai tsohon yayi ne, an cusa abubuwa da yawa, kuma sai an yi haƙuri kafin a saba da shi tare da TalkBack, manhajar Android da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya.

Abokiyar gasarta da aka fi sani ita ce BrainPort, jikar kujerar Bach-y-Rita, mai aika hoto ta wayoyin lantarki 400 a kan harshe. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da ita a 2015, kuɗinta a lokacin wajen dala dubu goma. Tana sabunta hoto da sauri kuma tana barin kunne a sake, amma ɗigonta kaɗan ne kuma ba a magana da ita a baki. EyeMusic ta ɗakin Amedi tana ƙara launi ta hanyar kayan kiɗa daban-daban kuma ta fi daɗin saurare, sai dai ita ma hagu zuwa dama take bi. Manhajojin da ke faɗin "ga kujera, ga mutum" da murya sun fi saurin amfani a rayuwar yau da kullum, amma labari suke bayarwa, ba sa koya wa jiki komai, don haka ba su da amfani ga gwajin da muka bayyana.

Malamin falsafa ko na ilimin halayyar ɗan Adam da ke da waya ɗaya, da iyafis biyu, da baƙin yadi, zai iya gina darasin zango guda a kanta. Makahon da ke da lokaci da sha'awa, da wanda zai zauna da shi yana ajiye masa kofi yana matsarwa, ya fara da taga da ƙofa da launin tufafi a cikin gida, minti 15 a rana, kyamara a kai, sanda a hannu. Wanda ya ji ƙara ko shuuu a kunne bayan zama, ya rage sautin ya huta kwana biyu kafin ya koma.